Digirin shekara biyu ko na shekara huɗu a Amurka: wa ya tantance makarantar?

Ɗan uwa, ka ce ƙanenka ya samu gurbi a wurare biyu a Amurka: kwalejin al'umma mai ba da digirin shekara biyu, da wata makarantar kuɗi ta intanet da ta yi masa alkawarin cikakken digirin farko. Kana tambayar wanne ya fi.

A ido, na biyun ya fi tsoka. Digirin shekara biyu kusan kiredit 60 ne (kiredit shi ne ma'aunin yawan karatun da ɗalibi ya kammala), digirin farko kuwa kusan 120, kuma da shi ake wucewa digiri na biyu, daga nan sai digirin digirgir. To amma kafin a auna shekaru, a tambayi wa ya tantance kowace makaranta.

Gwamnatin Amurka ba ta tantance makarantu da hannunta. Ma'aikatar Ilimi tana amincewa ne da wasu hukumomi masu zaman kansu, su kuma su je su duba malamai, manhaja da aljihun makaranta. Tun da daɗewa hukumomin nan kashi biyu ne. Akwai na yanki, irin su Middle States, HLC da SACSCOC, waɗanda jami'o'in jihohi da yawancin kwalejojin al'umma ke ƙarƙashinsu. Akwai na ƙasa, irin DEAC, da suka fi kula da makarantun sana'a da na karatu daga nesa. A 2020 ma'aikatar ta daina rarrabe su a hukumance, sai dai kowace jami'a ita ke yanke wane kiredit za ta karɓa, kuma da yawa har gobe na yanki suke fifitawa.

Nan ne bambancin yake fitowa fili. Yaron da ya gama kwalejin al'umma zai kai takardar sakamakonsa ofishin magatakardan jami'ar jiha, a bi kwasa-kwasan ɗaya bayan ɗaya, sau da yawa a ajiye shi a shekara ta uku. Jihohi irin Kalifoniya ma suna da tsarin da ya sauƙaƙa wannan sauyin. Wanda ya fito daga makarantar da hukumar ƙasa kaɗai ta tantance, ana iya duba tasa takardar a ce ya koma farko, ga kuɗi sun tafi. Ɗaliban ITT Tech, wata makarantar kuɗi mai rassa da yawa, sun ɗanɗana wannan da makarantar ta rufe a 2016; hukumar da ta tantance ta, ACICS, ita ma an janye amincewar da aka yi mata a 2022.

Wani abu da ake yawan mantawa: wasu fannoni suna da tasu tantancewar daban. Injiniyanci na duban hukumar ABET, karatun lauya na duban ABA, wato ƙungiyar lauyoyin Amurka, kuma a jihohi da yawa samun lasisin aiki yana rataye da wannan.

Ni a ganina ya ɗauki kwalejin al'umma, ya fi arha kuma ƙofar gaba a buɗe take. Sai dai idan makarantar intanet ɗin ita ma hukumar yanki ce ta tantance ta, domin akwai irinsu. A nan cikakken digirin ya rinjaya. Kada ya dogara da tambarin da ke shafin makarantar. Ya rubuta sunanta a rumbun DAPIP na Ma'aikatar Ilimi ko a shafin CHEA, ƙungiya mai zaman kanta da ke sa ido kan hukumomin tantancewa, kafin ya biya ko dala ɗaya.