Gidan kallon ƙwallon bayan tasha: ka zauna a bencin baya

Gidan kallon da ke bayan tashar unguwarmu a Kano rumfar kwano ce mai talabijin uku da benci-benci. Naira 300 ake shiga ranar Firimiya, daren Zakarun Turai kuma 500. Hoto tangaran, in an ɗauke wuta yaron gidan kan tayar da janareta nan take. Fanka biyu ce kacal, a watan Afrilu sai ka fito jiƙe sharkaf.

Ni dai musun bencin baya nake biya wa kuɗi. Akwai wani dattijo tela, ɗan Arsenal tun zamanin Kanu, da har yau bai yafe wa Wenger, kocin Arsenal na lokacin, wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2006 da Barcelona ba. Da aka bai wa Lehmann, mai tsaron ragar Arsenal, jan kati a minti na 18, Wenger ya cire Pires, ɗan wasan tsakiya, don Almunia ya shiga raga. Baba tela ya ce da wani aka cire, an bar mai riƙe ƙwallo, da ba a sha 2-1 ba. Wani direban Adaidaita ya ce, "Haba Baba, mutum goma a gaban Ronaldinho da Eto'o? Ai Campbell ma ya ci, har bayan minti na 75 kuna gaba. Gajiya ce ta kashe ku." Baba ya yi shiru, ya gyara hula, ya ce, "Wannan kam ka faɗi gaskiya, amma Henry ya ɓarar da ta biyu." Irin wannan musu kowa na kawo abin da ya faru a fili, kuma akan samu mai sallamawa.

Bencin gaba kuwa Messi da Ronaldo ne kullum. Wannan ya ce Ballon d'Or takwas da Kofin Duniya na 2022, wancan ya ce kofin Zakarun Turai biyar, sai a koma "kai ba ka san ƙwallo ba", daga nan a shiga zagin iyaye. Babu mai sauraren wani. Mafi muni su ne 'yan caca. Wanda tikitinsa ya yanke ba ƙwallo yake musu a kai ba, kuɗinsa yake kuka, kuma su ne ke jifa da ledar ruwa.

Mai gidan ya iya da su. Yana da doka ɗaya: ka zagi ƙungiya son ranka, ka taɓa uwar wani ka fita, ba a mayar da kuɗi. Na ga ya kori wani a tsakiyar wasan Madrid da Barcelona.

Ƙorafina ɗaya, ba a nuna wasan Kano Pillars, ƙungiyar da ta ci gasar Najeriya sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Na yi wa mai gidan magana, ya ce, "Yallaɓai, mai son Sai Masu Gida ai filin wasansu na Ƙofar Mata yake tafiya."

In za ka je, ka zo da wuri, bencin baya mutum takwas yake ɗauka.