Disko a NixOS: na daina kwafar lambobin faifai

Duk wanda ya taɓa girka NixOS, wani nau'in Linux, da hannu ya san aikin hawa biyu ne. Da farko ka raba faifai, ka yi masa fomat, ka ɗora kowane ɓangare a mazauninsa. Sannan umarnin nixos-generate-config ya duba abin da ka yi, ya rubuta shi cikin hardware-configuration.nix, kowane ɓangare da doguwar lambarsa ta UUID. Da zarar ka sake fomat, lambar ta canza, abin da ke cikin fayil ɗin ya zama tsohon zance.

Disko, wani kayan aikin tsara faifai da ke ƙarƙashin ƙungiyar nix-community, ya juya tsarin. Kai ne za ka fara rubuta yadda kake son faifan ya kasance: ga ɓangaren EFI da kwamfuta ke tashi da shi, ga wanda za a kulle da LUKS, ga tsarin ajiye fayiloli na Btrfs a cikinsa. Daga wannan rubutun guda yake raba faifan, ya yi fomat, kuma shi ne zai samar da bayanan fileSystems da kwamfutar ke bi idan za ta tashi. Sai dai a tuna a ƙara --no-filesystems wajen nixos-generate-config, don kada bayanai biyu su yi karo.

A Btrfs na fi jin daɗinsa. Ina ware /home da /nix daga tushe, kuma a da kowannensu sai na maimaita masa lamba ɗaya da nau'in fayil ɗaya, bambancin kawai subvol, wato sunan reshen. Harafi ɗaya ya kuskure, kwamfuta ta tsaya tana jiran faifan da babu shi. Yanzu sau ɗaya nake ambaton faifan, rassan su jeru a ƙarƙashinsa. Zaɓuɓɓuka irin su compress=zstd da noatime har yanzu kowane reshe sai an ba shi nasa, amma da yake Nix, wanda ake rubuta tsarin da shi, harshen kwamfuta ne, na sa musu suna guda ina kira.

Rubutun kansa fa ba shi da kyan gani. Content cikin partitions cikin wani content, baka cikin baka, kamar ɓawon albasa. Mai ɓangare biyu kacal a kan tsarin ext4 maimakon Btrfs zai ga tsohuwar hanya ta fi gajarta, kuma da gaskiyarsa.

Wurin da ake taka-tsantsan shi ne umarnin destroy,format,mount, domin share faifan yake yi kakaf. Sunaye irin /dev/sda suna iya sauyawa tsakanin tashi da tashi, shi ya sa nake nuna masa faifai ta /dev/disk/by-id, inda sunayen ba sa sauyawa haka.

Ga sabuwar na'ura, ko sabar da za a girka daga nesa da nixos-anywhere, ban ga abin da zai mayar da ni baya ba. Kwamfutar da ta riga ta zauna kuwa, disko yana neman ɓangarorinta da lakabi irin disk-main-root, don haka sai an sake musu suna tukuna. Tawa tsohuwar na bar ta da lambobinta har ranar da zan sauya mata faifai.