Masu jinya a gida a Abuja: yadda suke kula da iyaye masu ciwon hanta da ya yi nisa

Wannan hidima ta nas mai zuwa gida ta dace da mahaifin da hantarsa ta ƙandare, ba kuma halin dashen hanta. Aikinta rage wahala ne, ba warkarwa ba.

Inda masu jinyar suka fi ƙwarewa shi ne lactulose, maganin da ke sa bayan gida ya yi laushi. Suna daidaita shi har Baba ya yi bayan gida mai laushi sau 2 zuwa 3 a rana, domin cushewar ciki ke tara gubar da ke rikita ƙwaƙwalwa. Suna koya wa 'ya'ya alamun farko na wannan ruɗewa: barcin rana, farkawar dare, tafin hannu na kaɗawa idan ya miƙe shi. Paracetamol ba ya wuce giram 2 a rana. Diclofenac da ibuprofen kuwa sun hana, saboda suna lalata ƙoda, suna jawo zubar jini. Gishiri da dunƙulen magi a rage sosai.

Zuƙe ruwan da ke taruwa a ciki sai asibiti, kuma idan ya haura lita 5 ana ƙara albumin, wani furotin da ake sawa ta jijiya, mai tsada. Raunin masu jinyar dare ne: daga Kubwa ko Nyanya amsa kira na jinkiri, alhali aman jini ko baƙin bayan gida ba ya jira.

Kan sauran kwana suna faɗin gaskiya cikin ladabi. Bayan ruwan ciki ko ruɗewa sun bayyana, matsakaici kusan shekara 2 ne. Idan ruwan ya daina jin magani, kusan wata 6. Ƙoda ta tsaya, makonni. Wa'adi na Allah ne, amma iyali su tambayi likita tun da wuri, su kuma gwada kansu ciwon hanta nau'in B.