Sharhi a kan Audio-Technica ATH-M40x: hedifon ɗaya na situdiyo da na sauraron yau da kullum

Duk mai haɗa sauti a ƙaramin ɗaki, wanda ƙarfinsa bai kai na sayen manyan sifikun situdiyo da gyaran bango ba, a kan hedifon aikinsa ya rataya. Ni waƙoƙi nake haɗawa, da tallace-tallacen rediyo da sanarwar biki, a kwamfuta mai ɗauke da manhajar haɗa sauti ta FL Studio, a ɗakin da ƙarar janareton maƙwabta ba ta barin sa ya huta. Na jima ina aiki da Audio-Technica ATH-M40x, kuma da shi ɗin nake sauraron komai idan na tashi daga aiki. Idan hedifon ɗaya tak mutum zai iya saya, kuɗinsa kuma bai wuce kewayen dala 100 ba, wannan zan nuna masa.

Yawancin hedifon da ke cike da kasuwa an ƙera su ne don su burge mai saye a minti ɗaya na farko. An cika su da bes, wato sautin ƙasa mai nauyi, an ƙara musu kaifi a sama, kowace waƙa ka sa sai ta yi daɗi. Ga mai sauraro wannan ba laifi ba ne. Ga mai haɗa sauti kuwa tarko ne: zai ji ganga ta cika kunne, ya rage ta, waƙa ta fita hannunsa, a sa ta a mota a ji ta fayau babu nauyi. Hedifon na situdiyo madubi ake so ya zama, abin da ke jikin waƙar ya nuna maka shi, mai kyau da maras kyau.

Kamfanin Audio-Technica na ƙasar Japan ne, an kafa shi a 1962, kuma a 2014 ya fito da wannan jerin na M20x da M30x da M40x da M50x. Shi M40x rufaffen baya ne, wato bayan kunnuwansa a toshe yake don tare sauti, sifikar da ke cikin kowane kunne faɗinta milimita 40, nauyinsa giram 240 ba tare da waya ba. A jikin kwali an rubuta yana fitar da sauti daga 15 zuwa 24,000 Hz, wato daga mafi kaurin sauti zuwa mafi siriri. Kada wannan lamba ta ja hankalinka, domin kunnen ɗan Adam bai wuce 20 zuwa 20,000 ba, kuma kusan kowane hedifon yana rubuta irinta. Abin dubawa shi ne yadda ya raba ƙarfi tsakanin ƙasa da tsakiya da sama.

A tsakiyar nan M40x ya saye ni, domin waƙarmu a tsakiya take zaune. Muryar mawaƙi, 'yan amshi, kalangu, garaya, fiyano, duk wuri ɗaya suke rububi. Kalangu musamman yana da wuyar sha'ani: makaɗi na matse tsarkiya a hammata sautin na hawa, yana saki yana sauka, wani lokaci ya hau daidai inda muryar namiji take, su haɗu su cushe. A wannan hedifon ina jin daidai gaɓar da suka yi karo, in ɗan rage wa kalangun a wurin, kalmomin mawaƙin su fito sarari ba tare da na ƙara masa ƙarfi ba. Haka idan 'yan amshi uku suka ɗauka tare, ina iya rarrabe wadda ta riga sauran shiga da wadda ta ja ƙarshen baiti fiye da kima. Ƙananan abubuwa ma ba sa ɓuya: gunjin fanka da aka manta ba a kashe ba, ƙarar kujera, numfashin da aka ja dab da makirufo. Besinsa yana nan, har ya ɗan ɗara daidai kaɗan, amma bai hau kan murya ya danne ta ba. Samansa yana da haske, tasa da kacau-kacau suna fitowa tas.

Mutane da yawa kan ce a ƙara kuɗi a sayi wansa M50x, wanda ya fi suna. Na saurare shi sau da dama a situdiyon wani abokin aiki. Sifikarsa milimita 45 ce, besinsa ya fi duka, ya fi daɗin sauraro ga mai son kiɗa mai nauyi, kuma yana zuwa da gajeriyar waya ta yawo. Amma idan haɗa sauti ne a gaba, ban ga abin da ƙarin dala 50 ɗin zai saya maka ba, ni na fi yarda da tsakiyar M40x. Ƙaninsu M20x, mai kewayen dala 50, ya isa a miƙa wa mawaƙi ya riƙa jin kiɗa yayin ɗaukar murya, sai dai wayarsa a manne take, ba a cire ta.

Babban abokin hamayyarsa a wannan farashi Sony MDR-7506 ne, wanda ya fito tun 1991 kuma har yau ana ƙera shi. Gidajen rediyo da masu ɗaukar sauti a wurin shirya fim a duniya sun riƙe shi shekara da shekaru, kuma da hujja. Yana fito da saman murya ƙwarai, ta yadda kaifin haruffa irin su "s" da "sh" da "ts", waɗanda ke soke kunne idan mai magana ya matso makirufo, ba zai taɓa wuce ka ba. Wanda aikinsa magana ce zalla, karatun labarai ko wa'azi ko muryar fim, to 7506 ya fi dacewa da shi, ban ja ba. Ni da nake son in yi aiki da abu kuma in kwanta in saurari waƙa da shi, wannan kaifin yana gajiyar da kunnena da wuri. Wayarsa kuma mai naɗi ce, a manne take da hedifon.

Akwai masu buɗaɗɗen baya, ko rabin buɗe, irin su AKG K240 Studio da Samson SR850, waɗanda suke ƙasa da M40x a kuɗi. Sautinsu ya fi yalwa, kamar kiɗan yana kewaye da kai, kuma iska na shiga kunne. A ɗaki mai shiru suna da daɗin aiki. To amma abin da ke waje yana shigowa, abin da ke ciki yana fita. Janareto na ruri a bayan taga, ba za ka ji ƙasan waƙarka ba. Ka ba mawaƙi ya sa, kiɗan da yake ji zai tsiyaya ya koma cikin makirufo ya gauraya da muryarsa, kuma raba su daga baya aiki ne ja. Shi ya sa nake cewa na farko ya zama rufaffe, buɗaɗɗe ya jira sai hali ya samu.

Wata lamba da ta cancanci a duba ita ce ta ohm, wadda yawanci idan ta yi yawa hedifon kan fi wuyar turawa. M40x ohm 35 ne, don haka waya da laftof da ƙaramin akwatin sauti mai haɗa makirufo da hedifon da kwamfuta, irin Focusrite Scarlett Solo, duk suna tura shi ba wahala. Sony 7506 ohm 63 ne, shi ma babu damuwa. Beyerdynamic DT 770 Pro na Jamus kuwa iri uku ne, 32 da 80 da 250, kuma mai 250 ɗin idan ka sa shi a waya za ka ji sautin ya yi ƙasa, sai da na'urar ƙara ƙarfi. Mai sha'awarsa ya karanta kwalin da kyau kafin ya biya.

Zancen zama a kai. Matashin kunnen M40x ba shi da zurfi sosai, mai manyan kunnuwa zai ji yana taɓa shi, kuma yana sabo yana ɗan matse kai kafin ya saki. A watannin bazara kowane rufaffen hedifon mai matashin roba gumi yake tarawa, wannan ma haka. Ina ajiye ƙyalle kusa, ina goge shi bayan aiki, in mayar da shi cikin jakarsa saboda ƙurar hunturu. Gumi da zafi su ne ke cin irin wannan roba, amma ana sayar da matashin daban, a cire tsoho a sa sabo. Sai dai wanda ya canza zuwa mai kauri ko mai yadi ya sani cewa sautin ma zai canza. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: besin rufaffen hedifon ya dogara ne da yadda matashin ya manne da fata. Gefen hula ya shiga ƙarƙashinsa, ko ƙafar tabarau mai kauri, ko ƙullin ɗankwali, nan take nauyin ganga zai ragu a wannan kunnen. Gwada da kanka: sa waƙa, ka ɗaga gefe ɗaya kaɗan da yatsa, ka ji abin da ya tafi. Ni hulata a kan tebur take zama har in gama haɗi.

Wayarsa ana cire ta, ana murɗa ta ne ta kulle a kunnen hagu, kuma wannan babbar riba ce, domin waya ce ke fara mutuwa a jikin kowane hedifon. Guda biyu ke zuwa a kwali, miƙaƙƙiya mai mita 3 da mai naɗi, tare da babban kai na milimita 6.3 na sakawa a akwatin sauti. Dukansu na zaman situdiyo ne, sun yi tsawo ga mai tafiya da waya a aljihu, don haka na sayi gajeriya daban. Ba shi da makirufo na amsa kira, ba shi da Bluetooth. Rashin Bluetooth bai dame ni ba, tunda jinkirin da yake kawowa tsakanin taɓa fiyano da jin sautin ya isa ya ɓata ɗauka. Mai wayar da ba ta da ramin iyafis zai buƙaci ɗan mahaɗin USB-C.

Abin da ya fi komai amfanata shi ne rashin raba na aiki da na hutu. Babu hedifon da ya miƙe ɗari bisa ɗari, balle a wannan farashi, kowanne da inda ya karkata. Maganin karkatar shi ne sabo. Da yake da shi nake jin waƙoƙin da manyan situdiyo suka haɗa, da karatun Alƙur'ani, da labarai, da fim, kunnena ya haddace yadda kyakkyawan aiki yake fitowa a cikinsa: iyakar inda ganga take tsayawa, yadda murya take zama a gaba, yawan hasken da ya dace. Idan na buɗe aikina, ina jin bambancin nan take ba sai na yi dogon tunani ba. Wanda ke haɗi da wani hedifon, ya saurari waƙa da wani mai cika bes, kullum kunnensa baƙo ne a wurin aiki. Ga mai ƙaramin jari wannan albishir ne, domin sayen guda ɗayan da ya zame masa dole shi ne kuma ya fi masa alheri.

Duk da haka ba na sallamar waƙa daga hedifon kai tsaye. A hedifon kowane kunne nasa ɓangaren kaɗai yake ji, don haka faɗin kiɗa da amon eko suna fitowa daban da yadda za su fito a sifika. Masu sauraronmu kuma yawanci a sifikar waya suke ji, ko ƙaramar em-fi, ko cikin Adaidaita Sahu, inda dama da hagu kan haɗe wuri ɗaya, ƙasan sauti kuma ya ɓace. Sai na haɗe ɓangarorin biyu na ji ko wani abu ya nutse, na tura waƙar a waya na saurara, sannan in kira mai ita.

A kula da ƙarfin sauti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba ita ce desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu. Rufaffen hedifon yana taimakawa a nan, tunda ba sai ka ƙure shi don ka rinjayi hayaniyar waje ba. Haɗi a ƙaramin sauti ma ya fi fitar da gaskiya, domin komai daɗi yake yi idan an ƙure.

Wajen saye a yi hattara da jabu, domin duk hedifon da ya yi suna ana kwaikwayonsa, M50x da 7506 sun fi shan wannan. Sabo fil a kwali a rabin kuɗinsa abin tuhuma ne. Ka je da wayarka da waƙar da ka sani ciki da bai, ka saurari kowane kunne shi kaɗai, ka motsa wayar a inda ta shiga ka ji ko tana ƙarƙara. Idan na hannu ne, ka naɗe shi ka buɗe, ka duba mahaɗin da kunnuwan ke juyawa a kai ko akwai tsaga, sannan ka cire kuɗin sabon matashi daga abin da za ka taya.