Tocila mai caji mai ƙarfin haske: abin da na gani a damina da hunturu

Tocilar da zan yi magana a kanta irin masu jikin alminiyam ɗin nan ce, baƙa, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba, kanta ya ɗan fi gindinta faɗi. Ƙwan LED ɗaya gare ta, da batir ɗaya mai lamba 21700 wanda ake iya cirewa, kuma da kebul ɗin USB-C irin na wayoyin yanzu ake cajinta. A jikin kwalinta an rubuta lumen 3000, lumen kuwa shi ne ma'aunin yawan hasken da fitila take fitarwa. Ta ci damina da hunturu a hannuna, tsakanin gida da ɗan gidan kajin da nake da shi a bayan gari. Ra'ayina a kanta shi ne ta ci kuɗinta, sai dai ba don dalilin da masu sayarwa suke tallata ta da shi ba.

Duk wanda ya taɓa shiga layin masu kayan wuta a kasuwar Sabon Gari ta Kano ya san yadda cinikin tocila yake tafiya. Mai shago zai danna ta a mataki mafi ƙarfi, ya haska rufin kwano, ya juyo maka kwalin ka ga lamba. Wasu kwalayen lumen 100,000 ne a jiki, wasu har sun wuce haka, kuma kuɗinsu bai kai rabin na wadda na saya ba. Abin da ya ja ni ga wannan shi ne ƙanƙantar lambar da ta yi iƙirari, domin lissafin ba ɓoyayye ba ne. Batir 21700 na gaske yana ɗaukar mAh 5000 ko kusa da haka (mAh shi ne ma'aunin yawan cajin da batir yake riƙewa), a kan bolt 3.6, wato wutar da ke cikinsa za ta iya riƙe wat 18 na tsawon awa ɗaya. Ƙwan LED mai kyau yana ba da lumen ɗari da 'yan kai a kan kowane wat. Kenan kafin a samu lumen 100,000 sai an zuba wuta ta kusan wat dubu, abin da zai shanye batirin ƙarƙaf cikin minti ɗaya ko biyu, in ma har batirin zai iya fitar da wutar, alhali ba zai iya ba. Lumen 3000 kuwa wat talatin ko ƙasa da haka yake nema, kuma wannan abu ne mai yiwuwa. Don mai karatu ya samu ma'auni, tsohon ƙwan ɗaki mai wat 60 da muka taso da shi lumen 700 zuwa 800 yake bayarwa.

To, shin tana ba da 3000 ɗin? Ba ni da na'urar awo, amma idan batir ya cika aka danna mataki na ƙarshe, hasken ya isa a kira shi haske. Daga ƙofar gidan kaji ina ganin katangar ƙarshen fili sarai, har ina iya bambance buhu da mutum a tsugune. Matsalar ita ce ba ya daɗewa. Kafin minti biyu kan tocilar ya ɗauki zafi, hannu yana jin sa, sai ita da kanta ta rage hasken zuwa abin da bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Wannan ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. Mafi yawan wutar da ke shiga ƙwan zafi take komawa, ƙaramin jiki irin wannan kuma ba shi da inda zai zubar da zafin, don haka aka saka mata abin da zai rage wuta kafin ƙwan ya ƙone. A daren da ake zafi, lokacin da iskar kanta take da ɗumi, ta fi saurin ragewa. Abin da nake ganin rashin adalci ne kawai shi ne yadda ake buga babbar lambar da manyan haruffa a gaban kwali, bayanin raguwar kuma sai mutum ya buɗe 'yar takardar ciki ya ƙura ido kafin ya gani.

Akwai ƙa'idar da kamfanonin tocila suka amince da ita tun 2009, ana kiranta ANSI FL1, kuma sanin ta yana taimakon mai saye. A ƙa'idar, tsawon lokacin da aka rubuta cewa tocila tana ci ana ƙirga shi ne har zuwa lokacin da hasken ya faɗo zuwa kashi 10 cikin 100 na yadda ya fara. Nisan da aka rubuta kuma shi ne inda hasken ya yi rauni ya koma kamar farin wata a daren sha huɗu. Saboda haka idan ka ga mita 300 a kwali, kada ka sa ran gane fuskar mutum a mita 300. A aikace ka raba biyu, ko ma uku.

Inda tocilar nan ta burge ni da gaske shi ne matakin tsakiya, wanda takardarta ta ce lumen 350 ne. A nan nake yin kusan dukan aikina. Ba ta zafi, hasken ba ya rawa, kuma ba ya dushewa sannu a hankali irin na tsofaffin tocilolin batir uku, waɗanda suke farawa da fari su ƙare da ja. Yana tsayawa yadda yake har batir ya kusa ƙarewa. Da shi nake zagaya fili da dare in duba tankin ruwa da ƙofofi, da shi na canza tayar babur a gefen titi, da shi muka yi aikin gyaran famfo da ya fashe bayan isha'i. Idan na tsayar da ita a kan gindinta ta haska silin, falo guda yana wadatuwa, yara su yi aikin makaranta ba tare da kowa ya runtse ido ba. A lissafi wannan matakin wat uku yake ci, wato awa biyar zuwa shida, kuma abin da na gani bai saɓa da hakan ba. Tunda ba a kunne take kwana ba, caji ɗaya yana kai ni kwanaki.

Matakin ƙasa shi ma yana da ranarsa, kuma masu kiwon kaji za su fahimce ni. Idan ka shiga ɗakin kaji masu ƙwai da dare ka buɗe musu haske mai ƙarfi farat ɗaya, firgita suke yi su ruga lungu ɗaya su danne juna, a yi asara. Da ƙaramin haske kuwa kana iya bin layi kana duba mazubin ruwa, kana sauraron numfashinsu, ba wadda za ta motsa. Na gode wa wanda ya tsara ta da ya sa tana tuna matakin da aka kashe ta a kai. Ina kashe ta a ƙasa kafin in isa ƙofa, in na kunna a ciki a nan za ta tashi.

Da damina kuwa amfaninta ya wuce na jin daɗi. Ciyawa tana rufe hanya, ɓeraye suna bin abincin kaji, macizai suna bin ɓeraye. Mutanen Gombe da suka san asibitin Kaltungo, inda ake jinyar waɗanda maciji ya sara, sun san abin da saran kububuwa yake jawowa, kuma launinta ya saje da ƙasa ta yadda hasken waya ba zai nuna ta ba sai ka kusa taka ta. Hasken tocilar nan yana da cibiya mai ƙarfi a tsakiya, sannan yana da wani mai faɗi a kewaye wanda yake sauka daidai gaban ƙafa. Wannan na kewayen shi ne mai ceton mutum, kuma shi ne abin da tocilolin da ake zuƙe kansu gaba da baya suke rasawa idan an matse su don su yi nisa. Ruwan sama ya sha dukan ta a hannuna ba ta nuna komai ba. An rubuta IPX7 a jikinta, ma'anarsa za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti talatin. Ban tsoma ta don gwaji ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi, domin duk kariyar ta dogara ne ga 'yan zoben roba da murfin wurin caji.

A wannan murfin ne aibinta na farko yake. 'Yar roba ce siririya, tun ana cikin damina ta fara saki, zuwa hunturu sai na riƙa tarar da ita a buɗe cikin aljihu, ƙura ta shiga ramin caji. Sai na kakkaɓe da busasshen burushi kafin kebul ya zauna. A ƙasar da ƙura take shiga ko'ina, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibi na biyu launin hasken ne. Fari ne fat mai ɗan shuɗi-shuɗi, irin wanda ake rubuta wa 6500K, wato lambar da ke nuna launin haske. A shago ya fi ɗaukar ido, shi ya sa ake yawan kawo shi. Amma ranar da hazo ya sauko, idan ka ƙara ƙarfi sai hasken ya bugi ƙurar da ke iska ya dawo maka ido, ka ga farin bango a gabanka kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Dabarar da ta yi mini aiki ita ce in sauko matakin tsakiya, in riƙe tocilar ƙasa daidai ƙugu maimakon kusa da fuska. Da zan sake saye, mai 4000K ko 5000K zan nema, wadda haskenta ya ɗan karkata zuwa rawaya. Ta fi daɗin kallo, kuma ta fi nuna bambancin ƙasa da ciyawa da abin da ke kwance a cikinsu.

Sauran ƙorafin ƙanana ne. Maɓallin yana gefe kuma ya shafe da jiki, sai ka yi ta juya ta a duhu kana laluba. Matakin walƙiya, wanda hasken ke ƙiftawa da sauri, yana kunnuwa idan yatsa ya danna sau biyu bisa kuskure, kuma ban ga amfaninsa ba. 'Yar fitilar da ke nuna yawan caji tana zama kore har sai abu ya zo ƙarshe, sannan ta koma ja. Ta kuma taɓa kunna kanta a cikin jaka har ta yi zafi, tun daga nan nake ɗan sassauta murfin gindinta in zan ajiye ta, wanda yake yanke wutar gaba ɗaya, ya kuma hana batir zurarewa a banza.

Batun batir shi ne abin da na fi so 'yan'uwa su kula da shi, domin shi ne rabin tocilar. Ba mu manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da jihohin Arewa da dama suka shafe kwanaki babu wuta bayan an lalata babban layin wutar da ke tsakanin Shiroro da Kaduna, shagunan caji suka cika maƙil, mutum ya kai waya da safe ya karɓa da yamma. A irin wannan hali, tocilar da batirinta yake a rufe a ciki idan ta mutu ta mutu, sai ka jira. Wadda ake cire wa batir kuwa sai ka zare ka saka wani. Haka kuma idan batirin ya tsufa bayan shekaru, shi kaɗai za ka canza. Sai dai batiran jabu sun cika kasuwa. Ƙaramin nan mai lamba 18650, wanda yawancin tociloli ke amfani da shi, na gaskensa yawanci bai wuce mAh 3500 da ɗan abin da ba a rasa ba. Duk wanda ka ga an rubuta masa 8800 ko 9900, ƙarya ce. Nauyi ma yana tona asiri: 18650 na gaske yana kai giram 45 ko fiye kaɗan, 21700 kuma kusan giram 70. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi. Wanda ya zo da tawa yana da nauyinsa, kuma har yanzu ban ga ya rage riƙo ba.

Batirin litiyam ba abin wasa ba ne. Kada a bar shi cikin mota a rufe da ranar Afrilu, kada a yi cajinsa a kan katifa, kada a jefa shi tsirara cikin aljihu tare da makullai, domin ƙarfe yana iya haɗa bakunansa biyu ya kama da wuta. Idan ledar jikinsa ta yage, a daina aiki da shi. Na ajiyar da nake da shi yana cikin 'yar robarsa, nesa da hannun yara.

Akwai kuma ladabin riƙe ta, wanda nake ganin ya kamata matasanmu masu sintiri su ji. Tun can haska mutum a fuska rashin ladabi ne a wurinmu, balle da haske irin wannan, wanda yake ɗauke wa mutum gani na ɗan lokaci. Idan mai babur ne ka haska, kana iya jefa shi kwata. A haska ƙasa daidai ƙafafun mutum, hasken da zai tashi ya isa a gane shi, sannan a yi masa sallama. Dattijon da yake mana gadi shi ya fara nuna mini cewa matakin ƙarshe na hango abin da ke motsi a nesa ne kawai, idon muzuru ko na kare a bakin katanga, daƙiƙa kaɗan a sauko.

Wanda buƙatarsa ba ta wuce neman ashana ko zuwa banɗaki idan an ɗauke wuta ba, wannan ta yi masa yawa, kuɗinta zai saya masa ƙananan fitilu masu caji guda uku ko huɗu ya rarraba a ɗakuna. Mai gyaran waya ko injin da yake son hannayensa biyu su zama a sake, fitilar goshi ta fi masa. Amma mai gona, mai kiwo, maigadi, direban doguwar hanya, su ne mutanenta. Idan za ka saya, ka roƙi mai shago ya bar ta a kunne a matakin tsakiya kuna cinikin, ka kwance gindin ka ga batirin da idonka ka ji nauyinsa, ka ja murfin wurin caji ka ga ko yana kama. Ka tambaya kuma ko tana karɓar caji daga fawa banki ko ƙaramin sola, domin tawa tana karɓa daga duka biyun, kuma daga ƙasa zuwa cika tana ɗaukar kimanin awa huɗu.