Manhajar Ƙiyasta Naman Baƙi: Abin da Na Gani Bayan Na Gwada Ta da Sikeli

Duk wanda ya taɓa ɗaukar nauyin ciyar da jama'a ya san cewa tambayar da ta fi hana mai gida barci ita ce yawan naman da zai saya, domin idan ya gaza akwai kunya, idan kuma ya yi yawa akwai asara. Wannan ne ya sa na karɓi shawarar amfani da wata manhajar waya ta kyauta wadda aikinta shi ne ƙiyasta wa mutum nauyin naman da zai wadaci baƙinsa. Na yi aiki da ita a taro biyu, na kuma auna komai da sikelin girki kafin gashi da bayansa, don in tabbatar ko lissafinta ya yi daidai da abin da ke isa kan faranti.

Amfani da ita ba shi da wahala. Mutum zai rubuta adadin manya da na yara, ya zaɓi irin naman, ya faɗi ko mai ƙashi ne ko zallar tsoka, sannan ya nuna ko yana son a sami ragowa. Nan take za ta fitar da nauyi a laba ko a kilo, kuma sauyawar daidai take, laba ɗaya kimanin giram 454. Tana lissafa yara biyu a matsayin babban mutum ɗaya, abin da na ga ya dace da ƙananan yara, amma bai dace da matasa masu tasowa ba, waɗanda sau da yawa sukan fi iyayensu ci.

Abin da ya kamata mai amfani ya fara ganewa shi ne asalin alƙaluman da aka gina manhajar a kansu. Zaɓin farko da ke bayyana idan an buɗe ta shi ne cinyar alade da aka jiƙa da gishiri aka kyafe, wadda ake kira ham, kuma adadin da take bayarwa ya yi daidai da shawarar Ma'aikatar Noma ta Amurka: kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na laba ga kowane mutum idan babu ƙashi, wato giram 115 zuwa 150, da ɗaya cikin uku zuwa rabin laba idan akwai ƙashi, wato giram 150 zuwa 225. Ga wannan nau'in nama lissafin yana da hujja. Yawancinsa a dafe ake sayar da shi, ɗumamawa kawai yake bukata, don haka nauyin da aka saya bai cika raguwa sosai ba. Bayan haka gishirinsa yana da ƙarfi, ana kuma yanka shi siriri, abin da ke sa mutum ya ƙoshi da ɗan kaɗan.

Ni kuwa ba shi na saya ba, cinyar rago ɗanya na saya, kuma a nan ne na ga babban raunin manhajar. Da na sauya zaɓi zuwa rago mai ƙashi na rubuta baƙi 20, sai ta ba ni kilo 4.5, wato giram 225 ga kowa, daidai da mafi girman adadin da take ba kyafaffen naman da ya riga ya dahu. Babu inda ta yi bayanin cewa ɗanyen nama yana zubar da ruwa da kitse a kan wuta, alhali sananne ne cewa yakan rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa, kuma gwargwadon daɗewarsa a wuta gwargwadon ƙaruwar asarar. Na auna cinya ɗaya da kaina: ɗanya ta kai kilo 2.4, bayan gashi ta koma kilo 1.8, da na cire ƙashi da jijiya da kitsen da ba a ci sai tsokar ta tsaya a kilo 1.35. Ke nan abin da ya isa bakin baƙi bai kai kashi 60 cikin ɗari na abin da aka biya kuɗinsa ba. A bisa wannan, kilo 4.5 ɗin da manhajar ta ce in saya zai bar wa kowane baƙo kimanin giram 125 ne kawai. Wannan adadi zai wadatar idan akwai wasu nau'o'in abinci masu nauyi a teburin, amma a taron da nama ne jigon abincin, ya yi kaɗan ƙwarai. A taron farko naman ya ƙare tun kafin mutum uku na ƙarshe su zuba, kuma na ji nauyin hakan matuƙa, domin biyu daga cikinsu dattawa ne da suka jinkirta don ba wa wasu dama.

A taro na biyu na yi lissafin ta baya. Na fara da abin da nake so kowa ya samu a faranti, giram 170 na dafaffiyar tsoka, wanda ga mutum 20 ya kama kilo 3.4, sannan na mayar da shi ɗanye bisa abin da sikelina ya nuna a baya, sai ya zama kusan kilo 6, wato giram 300 ga kowane baƙo. Kowa ya ci ya ƙoshi, ragowar kuma ba ta wuce ta cin mutum biyu ba. Tazarar kilo ɗaya da rabi tsakanin lissafina da na manhajar ba ƙaramin abu ba ne, kuma da an ƙara mata tambaya guda, wato ko naman ɗanye ne ko dafaffe, da an toshe wannan giɓi gaba ɗaya.

Adalci ya sa in faɗi inda ta yi ƙoƙari. Lissafinta na talotalo, laba ɗaya ga kowane mutum idan za a gasa shi sukutum, ya yi la'akari da yawan ƙashin tsuntsu, kuma shi ne adadin da aka saba bayarwa. Sashen da ya fi burge ni shi ne na kiyaye lafiyar abinci, wanda yawancin masu shirya taro ke mantawa da shi. Tana tunatar da cewa daskararren nama yana bukatar kimanin awa 24 a cikin firji ga kowane kilo 2 kafin ƙanƙararsa ta narke, don haka wanda ya sayi babban yanki ana gobe taro ya riga ya makara. Tana kuma gargaɗin kada dafaffen nama ya wuce awa 2 a waje, ko awa 1 idan zafin wurin ya haura digiri 32, sannan a cinye ragowar da aka ajiye a firji mai sanyin digiri 4 cikin kwana 3 zuwa 4. Wannan bayani yana da alaƙa ta kai tsaye da ƙiyasi, domin wanda ya sayi nama fiye da kima alhali ba shi da wurin sanyaya shi, ragowar da yake tsammani za ta lalace ne a hannunsa.

Akwai abubuwan da ba ta tambaya ko kaɗan. Ba ta bambanta taron da ake zuba wa kowa a faranti da wanda kowa ke ɗiba da kansa, duk da cewa a na biyun mutanen farko sukan ɗebi fiye da rabonsu. Ba ta kuma tambayar tsawon lokacin zaman, ko adadin sauran abincin da zai raka naman. Tallace-tallacen da ke rufe rabin fuskar wayar ma suna da damuwa, sau biyu na taɓa su bisa kuskure adadin da na rubuta ya goge.

Ga mai sayen nama da ya riga ya dahu, kyafaffe ko wanda aka sarrafa da gishiri, ina ganin zai iya dogaro da adadin da ta bayar kai tsaye. Ga mai sayen ɗanyen nama mai ƙashi kuwa, shawarata ita ce ya ƙara kashi ɗaya cikin uku a kan abin da ta faɗa, ya tambayi mahauci nauyin ƙashin tun kafin a yanka, kuma idan yana da sikeli ya auna yankin farko ɗanye da gasasshe ya rubuta ya ajiye don taro na gaba. Na ba ta maki uku cikin biyar, kuma zan ci gaba da buɗe ta saboda jadawalin narkar da ƙanƙara da na ajiyar ragowa.