Gargaɗi ga 'yan kiɗa da majami'u a Jos: akwatunan bes na jabu suna yawo a gari

Jama'a, sannunku da aiki. Wannan saƙo na masu kaɗa jitar bes ne, da shugabannin ƙungiyoyin mawaƙa a majami'u, da masu ba da hayar kayan sauti a wuraren biki, da duk wanda aka damƙa wa kuɗin jama'a aka ce ya je ya sayo sifika. Akwai wani mutum a garin nan da ke sayar da akwatunan sifikar bes da sunan 'yan Beljiyam ne, ɗauke da tambarin manyan kamfanoni irin su Ampeg da Hartke, alhali abin da ke cikinsu tarkace ne. Ba zan kama sunansa ko unguwarsa ba, domin waɗanda ya cuta suna shirin kai ƙara, kuma sunan da yake talla da shi a Facebook da WhatsApp ma sauya shi yake yi. Yadda yake aikin zan zayyana muku, ta yadda ko da wane suna ya zo za ku gane shi.

Sana'ata gyaran amfilifaya da sifika ce, kuma ta nan zancen ya iso gare ni. Akwatunan da aka riƙa kawo mini, wani daga Bukuru, wani daga Tudun Wada, wani har daga Pankshin, ciwonsu iri ɗaya ne: sifikun sun ƙone cikin 'yan makonni, wasu kuma sun ja amfilifayar ta bi su. Da ka buɗe sai ka ga aikin hannu ɗaya ne. Da ka tambayi mai kayan ina ya saya, labarin ma ɗaya ne: wai wata majami'a ce aka rufe a Ingila, aka kwaso kayanta a kwantena, saura guda biyu kacal, kuma wani daga Abuja yana hanya da kuɗinsa. Farashin bai kai rabin na gaskiya ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne kusan duk waɗanda ya damfara ba cinikin biri a sama suka yi ba. Sun je, sun gani, sun saurara da kunnensu, kuma akwatin ya girgiza musu ƙirji kafin su biya. Dabarar tana cikin ɗakin da yake gwajin, don haka bari in tsaya a nan sosai.

Tsirkiyar da ta fi kauri a jitar bes mai tsirkiya huɗu, wato E, tana kaɗawa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. A mai tsirkiya biyar, B tana sauka zuwa wajen 31. Tsawon igiyar sautin E a cikin iska ya ɗan haura mita 8, ya fi tsawon yawancin ɗakunanmu. Sauti mai zurfi haka ba ya miƙewa gaba kawai, bazuwa yake yi gaba da baya da gefe. Idan akwati yana ƙasa, daɓe yana maido da abin da zai ɓace. Jingina shi da bango, bangon ma ya maido nasa. Cusa shi a kusurwa, inda bango biyu suka haɗu da daɓe, ƙarin ya sake hawa. A lissafi kowane bango na iya ƙara har desibel 6 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan), ko da yake a zahiri ba ya cika kaiwa haka, kuma desibel 6 daidai yake da ninka ƙarfin amfilifaya sau huɗu. To mutumin nan a ƙaramin ɗaki yake gwaji, akwatin yana can cikin kusurwa, a kan wani dakalin katako mai rami a ƙasa wanda shi ma yake amsawa. Ya murɗe maɓallin bes na amfilifayar har ƙarshe tun kafin ka shigo. Ko sifikar rediyo ka yi wa wannan gata sai ta yi ruri. Wani yaro da ya raka shugaban mawaƙansu ya ce mini ya lura da waya ta biyu da ta bi ta bayan labule, wato akwai yiwuwar wata sifikar ce a ɓoye take taya ta.

Sannan ba ya yarda ka jona jitarka. Waƙa yake sa maka daga waya. Waƙar da ta fito daga situdiyo an riga an daidaita ta, an danne duk wani bugu mai tsalle. Jita a hannun mutum ba haka take ba, da ka finciki tsirkiya ko ka mare ta da babban yatsa, ƙarfin da ke fita a wannan ƙiftawar ya ninka na sauran lokaci, kuma nan ne sifikar banza take tona kanta. Idan ka nace sai ya ce, "Haba Oga, ai wuta ba ta da ƙarfi yau, kada mu ɓata kayan." Ga dattawan majami'a kuwa har durƙusawa yake yi: "Baba, ai aikin Ubangiji ne, ni ba riba nake nema a kanku ba."

Yanzu ga abin da na tarar a ciki. Kashi biyu ne. Wasu akwatunan na asali ne tsofaffi, amma an kwashe sifikun kamfani an sayar daban, an cusa irin na mota ko na rediyon falo. Sauran kuwa a nan aka harhaɗa su da katakon nan na garin katako da gam, aka lulluɓe da baƙin kafet, aka manna tambari. Akwatin bes na kirki da filawud mai kauri ake yinsa, milimita 15 zuwa 18, da sanduna a ciki masu riƙe bangayen don kada su yi rawa, da soso ko auduga a jikin bangon ciki. Nasa fayau yake. Ku kuma tuna daminar Jos: wannan katakon da ya sha laima sai ya kumbura, sukurori su saki. Don kada rashin nauyi ya tona shi, a wani akwatin na samu ƙullin yashi an ɗaure a gindi, a wani kuma maganaɗisun ƙarami ne aka kifa masa ƙaton murfin roba.

Ramin iskar da ke gaban akwatin ma abin dubawa ne. Wannan rami ba ado ba ne. Faɗinsa da tsawon bututunsa da girman cikin akwatin duk lissafa su ake yi daidai da sifikar da za a saka, bisa ma'aunan da Neville Thiele na Ostireliya ya wallafa a 1961, Richard Small ya faɗaɗa su a farkon shekarun 1970. Akwati mai rami yana tallafa wa sifika ne zuwa wani mataki na zurfin sauti. Ƙasa da wannan mataki iskar ciki ta daina riƙe takardar sifikar, sai ta riƙa fita da komawa babu birki. Shi kuwa bututun ruwa na roba ya yanka yadda ya ga dama ya cusa. Sakamakon shi ne akwai sauti ɗaya ko biyu a tsakiya da ke kumbura su cika ɗaki, abin da ke ruɗin mai saye ke nan, amma da ka sauka kan E ko B sai ka ji faf-faf, takardar na dukan iska har kwail ɗin, wato naɗin siririyar wayar da ke motsa takardar, ya goge ko ya ƙone.

Wani abin dariya, har akwati mai sifika takwas ya yi ya rubuta masa SVT-810E, sunan wani akwatin Ampeg, ya huda masa ramuka. Wanda ya san kayan ya san Ampeg ta fito da amfilifayar SVT a 1969, kuma akwatinta mai sifika takwas 'yan inci 10 rufaffe ne ruf, an raba cikinsa gida huɗu, kowane gida sifika biyu, babu ramin iska ko ɗaya. Nauyinsa ya haura kilo 60. In ka ga mutum ɗaya ya sungume shi ya ɗora a keke-napep ba tare da nishi ba, ka riƙe kuɗinka.

Mafi haɗari shi ne haɗin wayoyin. A bayan akwatin ya rubuta om 8. Om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wutar amfilifaya, yana raguwa amfilifaya tana ƙara shan wahala. A ciki sifiku huɗu ne masu om 8 kowace, ya haɗa su duka kai da kai, kowace tana jan wuta kai tsaye daga amfilifaya, abin da ke ba da om 2. Yawancin amfilifayar bes ba a yi su don su sauka ƙasa da om 4 ba, yana rubuce a bayansu. Mai saye ya yarda da rubutun, wani ma ya ƙara jona akwati na biyu, amfilifaya ta yi zafi ta mutu ana tsakiyar sujada ko ana tsakiyar rawar amarya. Wat ɗin da yake rubutawa kuwa, dubu biyu, dubu uku, ku yi watsi da shi. Adadin da ke da ma'ana shi ne wanda aka rubuta RMS a gefensa, wato ƙarfin da sifika ke iya jurewa a kai a kai, kuma shi kansa wancan ƙaton na Ampeg mai sifika takwas wat 800 ne. Duk inda kuka ga PMPO, lissafin talla ne.

Idan ka koma masa da kuka, da ilimin ajiye sifika zai kare kansa, kuma abin takaicin akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Zai ce ba ka iya ajiye shi ba, ko janaretonku ne, ko makaɗinku ne mai nauyin hannu. Gaskiya ne wurin ajiya yana canza sauti. Akwatin da ke nesa da bango da kamar mita ɗaya, sautin da ya daki bangon ya dawo yana kashe wanda ke kaɗawa wajen sau 85 a daƙiƙa, bes ɗin ya yi rami a tsakiya, shi ya sa ake so ko dai ka matsar da shi kusa da bango ko ka nisanta shi sosai. In ramin iskarsa a baya yake, a bar masa 'yar tazara ya yi numfashi. Dandamalin katako mai rami a ƙasa, irin na majami'u da yawa da ɗakunan taro, yana sa sauti ya yi gunji ya cakuɗe, maganinsa a sa roba mai kauri ko soso mai tauri a ƙarƙashi. Makaɗin da ya tsaya dab da akwatin da ke ƙasa, gwiwoyinsa ne ke shan sautin, kunnensa bai samu ba, sai ya yi ta ƙara murya yana damun na baya, alhali ɗan kishingiɗa akwatin ya kalli kansa ko ɗaga shi kaɗan ya isa. Kuma a ajiye shi kusa da mai ganga don su riƙa jin juna. Duk wannan haka ne. Amma mummunar ajiya ɓata daɗin sauti take yi, ba ta mayar da om 8 ya zama 2, ba ta kuma zuba yashi a cikin akwati.

Ga masu niyyar saye, ko a wurin wa za ku saya, ku tafi da jitarku da amfilifayarku da wanda zai kaɗa. Ku ce a jawo akwatin tsakiyar fili, ko a fito da shi waje inda babu bangon da zai taya shi. A mayar da maɓallan amfilifaya tsakiya, a bi tsirkiya mai kauri daga sama har ƙasa sauti bayan sauti, da ƙarfi irin na ranar aiki. Ku riƙe mitar auna om: akwati mai om 8 yakan nuna tsakanin 5 da 7, mai om 4 wajen 3. In ta nuna 2 ko ƙasa, an gama magana. Ƙaramin batir mai bolt 9 ma yana aiki, ku taɓa shi a wayar sifikar na ɗan lokaci kaɗan, dukkan takardun su motsa tare ta fuska ɗaya. Wadda ta shiga ciki alhali 'yan uwanta sun fito, an juya mata waya, kuma tana cinye bes ɗin sauran. Daga nan sai sukuddireba. A cire raga, a kwance sifika ɗaya, a ga bayanta da cikin akwatin. Aikin minti goma ne, kuma mai kayan gaskiya ba ya jin tsoronsa. Mutumin nan a daidai nan yake fara cewa buɗewa na karya garanti, kayan da ya ce na hannu ne daga majami'ar da aka rufe.

Kada wani ya ɗauka ina kushe aikin gida. Akwai kafintoci a garin nan da ke sayo filawud mai kyau a kasuwar Katako, su bi ma'auni, su saka sifikar Eminence ko Celestion ta gaske, su gaya maka ƙarara cewa su suka haɗa. Irin wannan akwati na gyara na kuma ji daɗinsa, ya fi tsohon ɗan waje da aka wahalar. Laifin mutumin nan ƙarya ce da sauya kaya.

'Yan uwa na nesa, Mangu, Shendam, Langtang, har Kafanchan da Bauchi, ku aka fi yi wa sakiyar da ba ruwa. Bidiyo yake turowa na akwati mai kyau, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya sa wani daban a mota daga tasha. Bidiyon waya ba ya ɗaukar bes na gaskiya, sifikar wayar ma ba ta iya fitar da shi. In ba za ku iya zuwa ba, ku wakilta wanda ya san kayan ya buɗe ya gani, ya kuma tsaya a kai har a ɗora shi a mota.

Wanda ya riga ya saya, ya daina jona akwatin da amfilifaya har sai an auna shi. Ya ɗauki hoton ciki da waje kafin kowa ya taɓa, ya adana shaidar tura kuɗi da hirarsu ta WhatsApp da hoton tallar, don yana goge su. Ya sanar da bankinsa, ya kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, kuma ana iya shigar da koke a hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC. Karɓar kuɗi ta hanyar yaudara laifi ne a dokar zamba ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Na san wasu shugabannin mawaƙa sun yi shiru saboda kunyar kuɗin baiko ne suka kashe, amma ƙarar mutum ɗaya ba ta kai ta mutum biyar nauyi ba. Masu irin wannan akwati su yi mini magana ta saƙo, in haɗa su da sauran, awon kuma kyauta zan yi musu.